Yadda ake kiwon kifi ɗan kama a cikin gida

Mun san karfasa da tarwaɗa na kogin Kwara da na tafkunanmu. Yau za mu yi bayani kan wani ƙaramin kifin teku da mutanen Amurka, Turai da Asiya suke kiwo a ɗakunansu, a cikin akwatin gilashi. Ba don ci ake kiwonsa ba, don kallo ne. Amma aikin renon ƴaƴansa yana da darasi ga duk mai kiwo.

Wane kifi ne wannan?

Turawa suna kiransa da sunan da ke nufin ɗan kama, saboda launinsa ya yi kama da tufafin mai wasan ban dariya. Wanda aka fi kiwo launin lemu ne, da zane fari guda 3 a jikinsa. Tsawonsa bai wuce santimita 11 ba. Akwai irinsa kusan 30. Suna zaune a tekun Indiya, da yammacin tekun Pasifik, da Bahar Maliya, wadda take tsakanin Sudan da Saudiyya. Babu shi a tekun Atlantika.

A cikin teku yana fakewa a jikin wata halitta mai kama da fure. Hannuwan wannan furen teku suna da dafi, suna harbin sauran kifaye. Shi ɗan kama yana da yauƙi a jikinsa da ke kare shi. Furen yana ba shi mafaka, shi kuma yana korar kifayen da ke cin furen. A akwatin gilashi yana iya hayayyafa ko da babu furen.

Namijin da yake komawa mace

Ga abin mamaki. Ba a ƙyanƙyashe ɗan kama a matsayin mace. A cikin garke, wanda ya fi kowa girma shi ne yake zama mace. Mai bi masa shi ne mijinta. Idan macen ta mutu, sai mijin ya rikiɗa ya zama mace, na ƙasa da shi ya zama miji. Saboda haka mai kiwo yana sayen ƙanana biyu, ɗaya ya ɗan fi ɗaya girma, ya haɗa su. Babban zai zama mace. Idan aka haɗa mata biyu, faɗa za su yi ta yi, wani lokaci har ɗaya ta mutu. Sai sun kai shekara 1 zuwa 2 suke fara ƙwai.

Ruwan da yake bukata

Lita 1 ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kusan giram 35. Gishirin miya ba ya yin wannan aiki. Akwai gishiri na musamman da ake haɗawa da sinadaran da ke cikin teku. Zafin ruwan ya tsaya a digiri 26 zuwa 28. Akwati mai lita 80 zuwa 100 ya ishi miji da mata.

Ba a zuba kifi ranar da aka cika akwati. Ana jiran mako 4 zuwa 6. Dalili shi ne kashin kifi da ragowar abinci suna fitar da guba mai suna amoniya. A cikin makonnin nan wasu ƙwayoyin halitta masu amfani suke yaɗuwa a kan duwatsu, su ne suke karya gubar.

Idan ruwa ya ragu saboda zafi, ruwa ne kaɗai ya tashi, gishirin yana nan. Don haka da ruwan daɗi mai tsabta ake cikawa. Wanda ya cika da ruwan gishiri, gishirin zai yi yawa ya halaka kifin.

Ƙwai da aikin uba

Mai kiwo yana ajiye ƙaramar tukunyar yumɓu a cikin akwatin. Idan lokaci ya yi, miji da mata suna share jikin tukunyar da bakinsu. Macen tana manna ƙwai daga 100 har zuwa 1000, gwargwadon girmanta. Namijin yana bi a kansu don su sami rai.

A wurin karfasa, uwa ce take riƙe ƙwai a bakinta. A wurin ɗan kama, uba ne mai yawan aiki. Yana yi wa ƙwan fifita da fukafukansa don su sami iska. Yana tsince waɗanda suka lalace don kada su ɓata sauran. Da farko ƙwan launin lemu ne, daga baya su yi duhu. Bayan kwana 7 ko 8, idanun ƴaƴan suna ƙyalli kamar azurfa. Wannan ita ce alamar za su fito da daren nan, bayan duhu ya yi. Idan iyayen suna ƙoshi, suna sake ƙwai kusan kowane mako 2.

Kwana goma masu wuya

A nan ne yawancin masu kiwo suke asara. Ɗan da ya fito bai wuce milimita 4 ba. Idan aka bar shi a babban akwati, na'urar tace ruwa za ta zuƙe shi, ko manyan kifaye su cinye shi. Ga abin da ake yi:

1. Da yammar ranar ƙyanƙyasa ana ɗauke tukunyar zuwa ƙaramin akwati, da ruwan da aka ɗebo daga na iyayen.

2. Ana rufe gefen akwatin da baƙar takarda, domin haske daga gefe yana ruɗa ƴaƴan. Ana sa iska kaɗan tana tasowa a hankali.

3. Abincinsu na farko wasu ƙananan halittu ne masu rai da ake kira rotifa. Sai an jera kamar 5 suke kai milimita 1. Su ma kiwonsu ake yi a cikin bokiti, ana ciyar da su da koren gansakuka. Dole a tanade su tun kafin ƙwai su fashe. Ɗan kifin da bai ci ba cikin kwana 2 ko 3 mutuwa yake yi.

4. Wajen kwana na 5 zuwa na 7 ana fara ba su ƴaƴan wani ƙaramin jatan lande mai suna artemiya. Daga baya a koya musu cin garin abinci.

5. Kullum ana zuƙe dattin ƙasan akwati da siririn tiyo, a mayar da sabon ruwa kaɗan kaɗan.

Tsakanin kwana 8 da 12 jikinsu yana sauyawa. Launi yana fitowa, da farin zane na farko a bayan kai. Wanda ya tsallake wannan lokaci ya tsallake babban haɗari. Bayan wata 4 zuwa 6 sun isa sayarwa. Da kulawa mai kyau suna iya wuce shekara 10 a raye.

Me ya sa ake wannan wahala?

A da, duk kifin da ake sayarwa daga teku ake kamo shi. A Filipin da Indunusiya wasu masunta suna fesa guba mai suna siyanid don kifin ado ya suma su kama shi, ko da yake doka ta hana. Gubar tana kashe murjani, wanda shi ne gidan kifaye. Kifi da yawa kuma suna mutuwa a hanya. A farkon shekarun 1970 aka fara hayayyafa ɗan kama don kasuwa a jihar Florida ta Amurka. A shekarar 2003 fim ɗin yara mai suna Finding Nemo ya sa duniya ta san shi. Kowane kifi da aka rena a gida ya rage ɗaya da za a ciro daga teku.

Abin da za mu ɗauka

Wannan kiwo yana bukatar wutar lantarki dare da rana, da gishiri da kayan aiki da ake sayowa daga waje. Ƙasarmu ba ta da teku. Ba ma ba kowa shawara ya sa kuɗinsa a ciki. Amma mai kiwon karfasa ko tarwaɗa yana da abu 3 da zai riƙe. A tanadi abincin ƙanana tun kafin su zo, kuma ya zama daidai da bakinsu. A raba ƙanana da manya. A kula da tsabtar ruwa, kada a zuba abincin da ya fi ƙarfin kifi. Haka kuma, duk mai zuba guba a tafki don kama kifi, ya sani yana kashe kifin baɗi tare da na bana. Rigakafi ya fi magani.