Yadda aka hango iskar oksijin a tarin taurarin M82 da hasken da ido ba ya gani

Duk wanda ya saita rimot ɗin talabijin a gaban kyamarar waya ya danna, a wayoyi da yawa zai ga wani ɗan haske yana walƙiya. Wannan shi ne infared, hasken da idon mutum ba ya kamawa. Da irinsa ne masana taurari suke gano abin da ƙura ta ɓoye a samaniya.

M82 wani tarin taurari ne da haskensa ke ɗaukar kimanin shekara miliyan 12 kafin ya iso duniya. Sababbin taurari na samuwa a cikinsa da saurin da ya ninka na tarin da ranarmu take ciki kusan sau 10. Matsalar ita ce ƙura mai kauri ta lulluɓe tsakiyarsa, tana tare hasken da muka saba gani. Infared mai dogon zango kuwa ratsa ƙurar yake yi.

A nan oksijin ke shigowa. Ba irin wadda muke shaƙa ba ce, ƙwayoyinta a warwatse suke ɗai-ɗai. Idan sababbin taurari suka ɗumama iskar da ke kewaye da su, oksijin kan fitar da haske a zangon maikron 63, ta haka iskar ke rage zafi. Sai iska ta huce take dunƙulewa ta zama tauraro. Wani hasken a maikron 88 kuma yana nuna inda manyan taurari masu tsananin zafi suke.

Hasken rimot bai kai maikron 1 ba, shi ya sa waya ke kama shi. Na maikron 63 ya fi ƙarfinta, kuma tururin ruwan da ke sararin duniya yana shanye shi kafin ya sauko. Dole aka fita sama. Madubin Herschel na hukumar sararin samaniyar Turai, wanda aka harba a 2009, ya auna wannan haske a M82, har cikin iskar da fashewar taurari ke korawa waje. Iskar da ta fice kuwa, kayan gina taurarin gobe ne suka ragu.

Herschel ya daina aiki a 2013 da sinadarin da ke sanyaya shi ya ƙare. SOFIA, jirgin Boeing 747 mai ɗauke da madubi, an ajiye shi a 2022. James Webb kuma iyakarsa wajen maikron 28 ne. Don haka har yanzu bayanan da waɗancan na'urori suka tara ne masana ke komawa suna tonawa.