Rufin ɗaki da zafin bazara

Kowa ya san wahalar bazara. A watan Afrilu da na Mayu, zafi yakan kai digiri 45 a garuruwanmu. A lokacin nan ɗakin kwano ba ya shiguwa da rana. Jarirai, tsofaffi da mata masu ciki su ne suka fi galabaita. Irin shuka da albasar da aka ajiye a ciki su ma suna lalacewa.

Mi ya sa ɗakin kwano ya fi zafi?

Kwano ƙarfe ne marar kauri. Da rana ta buge shi, nan da nan zafi ya ratsa shi. Ƙasa mai kauri kuwa tana jinkirta zafi. Ciyawa da kara suna riƙe iska a tsakaninsu, kuma iskar da ba ta motsi ba ta barin zafi ya wuce da sauri. Shi ya sa soro da bukka suka fi sanyi da rana.

Kayan tare zafi na masana'antu

A Turai, Amurka da Sin akwai masana'antu masu yin kayan tare zafi, kamar audugar gilashi da soso na roba. Ana sa su a bango da rufi, ana naɗe bututun injuna da su. Irin wannan soso ne ke cikin jikin firiji da akwatin da ake ɗaukar allurar rigakafi. Dabarar ɗaya ce da ta ciyawa: riƙe iska wuri guda. Amma kayan nan daga waje ake kawo mafi yawansu, suna da tsada ga manomi.

Akwai kuma mai cutarwa, sunansa amiyanti. Wani dutse ne mai zare-zare wanda wuta ba ta ci. An daɗe ana cuɗa shi da siminti ana yin fallayen rufi masu launin toka. Daga baya likitoci suka gano ƙurarsa tana kawo sankarar huhu. Ciwon yakan ɓoye shekara 20 ko fiye kafin ya bayyana. Faransa ta hana aiki da shi a 1997. In kun ga tsofaffin fallayen nan, kada ku fasa su, kada ku yanka su da zarto, kada ku bar yara su yi wasa da gutsattsarinsu.

Gini ba icce

Rufin soro yana cin azara da yawa, ga giginya da goriba sun yi ƙaranci. Saboda haka a 1980 aka fara gwada gini ba icce a Cikal, cikin yankin Filinge. Ana yin bango da rufi duka da tubalin ƙasa, rufin ya lanƙwasa kamar baka ko kamar ƙwarya a kife. Tun daga nan an horar da magina a Nijar, Mali da Burkina Faso. Ɗakin yana da sanyi, ba a sare icce ko ɗaya ba. Sai dai a nemi magini da ya koyi aikin, a kuma sabunta yaɓe da indararo kafin kowace damina.

Mai ɗakin kwano fa, mi zai yi?

1. Ya ɗaura zana ko tabarmi ƙarƙashin kwanon, ya bar fili tsakaninsu.
2. Ya buɗe ƙananan tagogi kusa da rufi, domin iska mai zafi sama take hawa.
3. Ya shafa wa kwanon farin fenti, domin fari yana mai da hasken rana.
4. Ya dasa dogon yaro ta wajen yamma da ɗakin.
5. Ya nisanta murhu da fitila daga zana, don gudun gobara.

A fara aikin nan tun da ɗari, kafin zafi ya sauka. Ku kai maganar wajen karatu, ku karanta wa waɗanda ba su iya ba tukuna. Rigakafi ya fi magani.