Ƙurar Bawul da Huhun Tsoffin Sojan Ruwan Amurka

Yawancin jiragen yaƙin da Amurka ta ƙera daga shekarun 1930 zuwa na 1970 da tururi suke tafiya. Zafin tururin nan ba na wasa ba ne, shi ya sa aka naɗe bututai da tukwanen dafa ruwa da asbestos, wani ma'adini mai zare-zare wanda wuta ba ta cin sa. Mu nan mun fi sanin sa a silin da rufin tsoffin gine-gine. In an bar shi zaune lafiya, cutarsa kaɗan ce. Sai an fasa ko an kankare yake sakin ƙura.

Kankarewar kuwa ita ce aikin mai gyaran bawul. Kowane bawul yana da gasket a mahaɗarsa da bututu, da wata igiya da ake cusawa kewaye da sandarsa don kada tururi ya tsiyaya, kuma a wancan zamanin duka biyun da asbestos ake yin su. In zafi ya gasa su suka manne, sai bakanike ya sa ƙugiya ya zaƙulo igiyar gutsure-gutsure, ya kankare gasket, ya bi da buroshin waya har ƙarfe ya fito fes. Duk wannan a can ƙasan jirgi ake yi, ɗaki matsattse, ba taga, galibi kuma ba takunkumi a hanci.

Zaren da ya shiga huhu ba ya narkewa, tari ma ba ya fitar da shi duka. Sai bayan shekara 20 zuwa 50 yake nuna kansa: ko huhu ya yi tabo ya ƙandare, numfashi ya gagara, ko sankarar huhu, ko mesoteliyoma, wato sankarar tantanin da ya lulluɓe huhu. Tun a 1964 Dakta Irving Selikoff ya gabatar da hujjoji kan illar asbestos ga ma'aikata a wani taro a New York, amma sai 2024 Amurka ta haramta nau'in da ya rage ana amfani da shi.

Wannan jinkiri na bayyanar cutar shi ne ƙashin bayan wahalar tsohon soja. Ma'aikatar kula da tsoffin sojoji, VA, tana biyan diyyar nakasa wata-wata gwargwadon maki, daga sifili zuwa kashi 100, kuma mai mesoteliyoma yakan samu kashi 100. Sai dai ba a ɗauka kai tsaye cewa aikin soja ne sila. Shi zai kawo shaidar likita kan cutar, ya nuna irin aikin da ya yi a jirgi, sannan likita ya rubuta cewa wannan ne ya jawo wancan. In ya yi aikin gini ko na tashar jiragen ruwa bayan ya tuɓe kaki, sai a ce ƙila can ya shaƙa. A ganina babu adalci a sa dattijon da ke numfashi da ƙyar ya tono tarihin ƙurar da hukuma ce ta tura shi cikinta.

Ƙarar gwamnati kuma ba ta yiwuwa, domin hukuncin kotu a shari'ar Feres a 1950 ya hana soja neman diyya a kotu kan raunin da ya samu a bakin aiki. Sai ƙarar kamfanoni ta rage, amma kamfanonin asbestos da dama sun yi fatara, irin su Johns-Manville a 1982. Masu ƙera injuna kuwa suka ce su ƙarfe tsura suka sayar, rundunar sojan ruwa ce ta sa asbestos daga baya. A 2019, a shari'ar DeVries, alƙalai 6 cikin 9 na Kotun Ƙoli suka ƙi wannan uzuri: kamfanin da ya san kayansa ba sa aiki sai da abu mai haɗari, wajibi ne ya yi gargaɗi. John DeVries da Kenneth McAfee, sojojin da aka yi shari'ar a kansu, sun rasu kafin hukuncin, iyalansu ne suka ƙarasa ta.