Farashi Daban, Daraja Daban

'Yan'uwa ɗalibai, akwai dabarar zuba jari da Benjamin Graham ya bayyana a littafinsa na 1949, wadda ɗalibinsa Warren Buffett ya yi arziki da ita: sayen hannun jari ƙasa da ainihin darajarsa.

Kafin mu saya, sai mu duba ribar kamfanin, da kadarorinsa, da bashin da ake binsa. Idan lissafi ya nuna hannun jarin ya kai naira 100, amma ana sayar da shi 60, ratar 40 ɗin ita ce garkuwarmu in lissafinmu ya kuskure.

Amma mu kula, araha ba ta ado: kamfanin da bashi ya yi wa katutu abin gudu ne. Riba kuma kan ɗauki shekaru, don haka kada mu taɓa kuɗin makaranta.