Kalmar "Conspicuously" da Yadda Ake Amfani da Ita

Cikin kalmomin Turanci da ke ba ɗalibanmu wahala akwai "conspicuously". Bayanau ce, wato tana nuna yadda abu ya auku. Asalinta daga harshen Latin ne, daga "conspicere", hango abu. Ma'anarta ita ce abu ya fito ɓaro-ɓaro, har ido ba ya iya kauce masa.

Kada mu haɗa ta da "noticeably". Idan yaro ya rame "noticeably", ramar ta kai a lura da ita ne kawai. Amma wanda ya shigo taron safe da jar riga, alhali kowa na sanye da farin yunifom, shi ne ya yi shiga "conspicuously".

Abin mamaki, Turawa sukan yi amfani da ita har ga rashin abu, su ce "conspicuously absent". Ana faɗin haka ga wanda kowa ya sa ran gani amma bai zo ba. Ɗan aji ɗaya da ya zille wa taro bai kai matsayin nan ba. Sai irin shugaban makaranta, wanda kujerarsa ke gaba.

Mu kula da rubutunta kuma: "cu" ne a tsakiya, ba "ci" ba. Nan maki kan zube a jarrabawa.