Yadda Masana Suka Auna Haumea Ba Tare da Sun Aika Kumbo Ba

Can bayan duniyar Neptune akwai dubban dunƙulallun duwatsu da ƙanƙara da ke kewaya rana, a yankin da ake kira Ɗamarar Kuiper. Kumbo ɗaya tak ya taɓa ziyartar wasu daga cikinsu, wato New Horizons na hukumar NASA, wanda ya gifta Pluto a 2015, sannan Arrokoth a 2019. Sauran kuwa, yawancinsu ɗigon haske ne kawai ko a manyan na'urorin hangen nesa. To ta yaya ake sanin siffar abin da ba a iya ganin gefensa? Labarin Haumea zai ba mu amsa.

Haumea na cikin ƙananan duniyoyi biyar da Ƙungiyar Masana Taurari ta Duniya ta amince da su, kuma a 2008 aka raɗa mata wannan suna. Nisanta da rana a yanzu ya ninka namu kusan sau 50, har hasken rana kan yi kimanin awa 7 kafin ya isa can.

Mataki na farko: hawa da saukar haske

Idan aka riƙa ɗaukar hoton Haumea a jere da kyamara mai auna haske, za a ga haskenta na ƙaruwa yana raguwa kusan duk awa biyu. Dalili shi ne ba zagayayya ba ce. Idan ta juyo mana da faffaɗan gefenta sai ta fi haske, idan ta juyo da tsininta sai ta dushe. Hakan na faruwa sau biyu a kowane juyi, shi ya sa aka gane tana kammala juyi ɗaya cikin awa 3.9. Wannan gudun ne ya miƙar da ita, kamar yadda zanen mai rawa ke buɗewa idan ta juya da sauri.

Mataki na biyu: wata a matsayin sikeli

A 2005 ayarin Mike Brown ya gano wata guda biyu na kewaya Haumea, ta amfani da na'urar Keck da ke Hawaii a Amurka. Babban, Hi'iaka, yana zagaya ta cikin kwana 49, ƙaramin, Namaka, cikin kwana 18. Muddin aka san nisan wata da tsawon lokacin zagayensa, lissafin ƙarfin janyowa zai fitar da nauyin uwar. Ta haka aka san nauyin Haumea kusan kashi ɗaya cikin uku ne na Pluto.

Mataki na uku: husufin tauraro

Saura girma. A nan ake jiran ranar da Haumea za ta gifta gaban wani tauraro mai nisa, inuwarta ta ratsa doron ƙasa. Kowace na'ura da ke kan hanyar inuwar za ta ga tauraron ya ɓace, sannan ya dawo. A misali, idan inuwar na gudun kilomita 15 a daƙiƙa, tauraron kuma ya ɓace na daƙiƙa 100, faɗin wannan sashe kilomita 1,500 ke nan. Idan aka jera sakamakon garuruwa daban-daban sai siffar ta fito. Aikin na buƙatar kyamara mai sauri, agogo marar kuskure, da ingantacciyar taswirar taurari irin wadda kumbon Gaia na Turai ya samar.

Hakan ya faru ranar 21 ga Janairun 2017, inda na'urori 12 a Turai suka yi aikin ƙarƙashin jagorancin José Luis Ortiz na Sifaniya. Sun samu tsawon Haumea ya kai kimanin kilomita 2,320, dab da faɗin Pluto, alhali gajeren ɓangarenta bai kai rabin haka ba. Haka kuma hasken tauraron ya ɗan ragu kafin husufin da bayansa, abin da ya tona cewa tana da zobe mai faɗin kusan kilomita 70. Shi ne zobe na farko da aka gano a bayan Neptune.

Me ya sa wannan ke da muhimmanci?

Tunda nauyin bai canza ba amma girman ya wuce yadda ake zato, ke nan cikin Haumea bai kai cunkushewar da aka ɗauka a da ba. Wannan ya tayar da muhawara, domin sharaɗin zama ƙaramar duniya shi ne ƙarfin janyowar abu ya daidaita siffarsa, sabbin alƙaluman kuwa ba su dace da dunƙule mai cunkoso iri ɗaya ciki da waje ba. Wasu masana na ganin za su dace idan tana da ƙwayar dutse a tsakiya da ɓawon ƙanƙara a waje.

Masana da yawa kuma na danganta saurin juyinta da wata biyun nan da wani karo da ya auku tun farkon samuwar duniyoyi. Duk husufin da aka sake aunawa zai ƙara fayyace wace fassara ce ta fi kusa da gaskiya.