Rubired: Inabin da ake nomawa saboda launinsa

A kwarin San Joaquin da ke jihar Kaliforniya ta Amurka, inda zafin bazara kan kai digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, manoma na noman wani nau'in inabi mai suna Rubired.

Da wuya a ga sunansa a jikin kwalba ko kwali, amma yana cikin nau'o'in inabin da aka fi matsewa a jihar. Abin da masana'antu suke nema a jikinsa shi ne launinsa.

Asalinsa

Wani masanin tsirrai na Jami'ar Kaliforniya da ke garin Davis, Farfesa Harold Olmo, shi ne ya samar da wannan iri, aka kuma fitar da shi ga manoma a shekarar 1958.

Ya same shi ne ta hanyar aurar da iri biyu, wato Tinta Cão na ƙasar Fotugal da Alicante Ganzin na Faransa.

Shi kuwa Alicante Ganzin yana da jinin inabin daji na Amurka. Tun daga shekarun 1860 ne wani ƙwaro mai cin saiwa, da ake kira filoksera, ya shiga hallaka gonakin inabi a Faransa. Da aka lura cewa inabin Amurka na jure wa ƙwaron, sai masana suka riƙa aurar da shi da na Turai. Wannan ne ya sa ake lissafa Rubired cikin iri masu ruwa biyu.

Farfesa Olmo, wanda ya rasu a 2006, shi ne kuma ya samar da Redglobe, jan inabin nan mai manyan 'ya'ya da ake sayarwa don ci a kasuwannin duniya.

Me ya bambanta shi?

A galibin jan inabi, launin yana cikin ɓawo ne kawai. Idan aka ɓare shi, tsokar ba ta da launi, ruwansa ma haka.

Rubired kuwa ja ne ciki da waje, don haka da an matse shi ruwansa ke fitowa ja wur.

Sinadarin da ke ba da wannan launi ana kiransa antosayanin, kuma danginsa ne ke sa zoɓo ya yi ja.

Tsananin zafi kan hana inabi tara wannan sinadari yadda ya kamata, sai 'ya'yan su nuna da zaƙi amma launinsu a koɗe. Wannan ce matsalar da manoman wurare masu zafi suka daɗe suna fama da ita. Rubired yana riƙe launinsa cikin zafi, ga shi kuma da yawan 'ya'ya.

Ina yake zuwa?

Da farko an yi nufin amfani da shi wajen yin wani nau'in barasa mai zaƙi irin ta Fotugal, daga baya kasuwa ta sauya masa aiki.

A yau akan matse shi, a ƙafar da yawancin ruwan har ya yi kauri kamar zuma. Masu yin barasa mai araha kan zuba kaɗan daga ciki domin ƙara mata duhu. Kamfanonin lemon kwali da na kayan zaƙi su ma suna saye domin rina kayansu, ganin yadda masu saye ke ƙara ƙyamar launin da aka haɗa da sinadarai.

A nan ne batun ya shafi Musulmi. Barasa haramun ce a Musulunci, amma inabi da ruwansa halas ne matuƙar bai ruɓa ya zama abin maye ba. Kakkauran ruwan inabin da ba a tsima shi ba bai shiga hukuncin barasa ba.

Sai dai akwai wani launin abinci da ake rubutawa da lamba E163 a jikin kwali, wanda a wasu lokuta ake cirowa daga ɓawon inabin da ya rage bayan an yi barasa, a wasu lokutan kuma daga baƙin karas ko jan kabeji. Lambar kaɗai ba ta nuna asalinsa, shi ya sa hukumomin tantance halas kan nemi kamfani ya bayyana inda ya samo shi.

Malamai da dama kuma sun hana sayar da inabi ga wanda aka tabbatar barasa zai yi da shi.

Sauyin yanayi

Shekaru da dama ƙasashen Turai suna raina iri masu ruwa biyu, har dokoki suka hana amfani da su a barasar da ke ɗauke da sunan fitattun yankuna. A 2021 Tarayyar Turai ta sassauta wannan doka, a daidai lokacin da ɗumamar yanayi da cututtukan tsirrai ke matsa wa manoma.

A shekarar ce kuma aka amince wa yankin Bordeaux na Faransa ya gwada wasu sababbin nau'o'i shida domin tunkarar zafi.

Amma jure zafi ba ya nufin jure ƙishirwa. Ruwan sama ba ya isar gonakin San Joaquin, da ban-ruwa suka dogara. Farin da aka yi daga 2012 zuwa 2016 ya sa manoma suka matsa wa ruwan ƙarƙashin ƙasa, kuma a 2014 jihar ta kafa dokar taƙaita ɗibarsa.

Ga kuma kasuwa da ke ja da baya. Hukumar kula da harkar inabi ta duniya, OIV, ta ce a 2024 shan barasar inabi ya yi ƙasan da bai taɓa yi ba tun 1961, kuma manoma a Kaliforniya sun tumɓuke gonaki masu yawa.

Ga masu noman Rubired, makomar gonakinsu ta rataya ne kan yawan ruwan da za a ba su damar ɗiba, da kuma yawan launin da masana'antun abinci za su ci gaba da saye.